Sikila da Shanyewar Ɓarin Jiki: Hannun da Ke Riƙe Na'urar

Da zarar an ji cewa wata jami'a ta samu tallafin binciken lafiya, tambayar mutane ɗaya ce: ina ginin, ina injunan? Ku biyo mu Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda likitocin Jami'ar Bayero suka yi aiki da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ku ga inda ƙarfin bincike yake zama.

Ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Nijeriya. In ba rigakafi, kusan ɗaya cikin goma na masu nau'in da ya fi tsanani zai gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Tun 1998 aka gano mafita a Amurka: a auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da na'urar sauti, awon da ake kira TCD, in ya yi yawa a riƙa yi masa ƙarin jini duk wata. To amma leda nawa ke ma'ajiyar jininmu, kuma wane uba ne zai iya wannan ɗawainiya shekara da shekaru? Dole aka nemi amsar da ta dace da nan.

Yanzu ku ɗauka ga wata ma'aikaciyar jinya tana yi wa yaro wannan awo, ku kalli hannunta da kyau, don a nan ake yawan kuskuren fahimta.

Ɗan abin da ta riƙe ana ɗora shi a gefen kai, gaban kunne, inda ƙashi ya fi siranta. Yana tura sauti ciki, ya dawo da saurin jinin da ke bin babbar jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa, lafiya lau. Daga 170 zuwa 199, a sa ido, a sake awo. Ya kai 200, yaron na cikin haɗari: in an bar shi haka, kusan goma cikin ɗari na irinsa za su shanye a cikin shekara guda.

Na'urar ba ta san jijiya ba, hannu ne ke nemo ta. Karkata shi kaɗan, sai 210 ta fito 160, a sallami uwa da ɗanta da murna alhali haɗarin na nan. Yaro ya yi barci, numfashinsa ya lafa, adadi ya hau. Ya ɓarke da kuka, adadi ya sauka. Zazzaɓi ma yana ruɗa awo, haka ƙarin jinin da aka yi kwanan nan. Shi ya sa ake son yaro a farke, a natse, ana yi masa hira ko an ba shi waya yana kallo. Ana bin jijiyar daki-daki, milimita biyu-biyu, dama da hagu, a ɗauki adadi mafi girma. Mai koyo kuma zai yi ta auna yara, ƙwararre na sake auna su a bayansa, har lambobinsu su riƙa haɗuwa. Injin a rana ɗaya ake sauke shi daga mota, wannan hannu kuwa sai an yi haƙurin raino. Ni a ganina, koyar da ma'aikatan jinya wannan aiki maimakon jiran likitocin hoto, waɗanda ba su da yawa, shi ne mafi girman abin da aka yi.

Sauran matakan binciken a gurguje. Amincewar kwamitin ɗa'a, sa hannun iyaye bayan an yi musu bayani da Hausa, rajista, awon jini a kai a kai.

Don gwada maganin sha mai suna hydroxyurea a madadin ƙarin jini, an sa yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 a binciken, a Kano da Kaduna, duk masu adadi mai haɗari. Rabi suka sha hydroxyurea miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsu kullum, rabi miligiram 20. Sakamakon ya fito a 2022: uku suka shanye a rukunin farko, biyar a na biyu, bambancin da bai kai a ce wani ya fi wani ba. Wato maganin miligiram 10 ɗin ma yana kare yaro, kuma kwalba ɗaya za ta daɗe a hannun uwa.

In kina da yaro mai sikila tsakanin shekara 2 zuwa 16, ki tambaya a asibitinku ko ana awon TCD. In sakamako ya yi kyau, sau ɗaya ake yi a shekara, ba allura, ba zafi.