Gyaran aji da ɗan abin da ke hannu

Malama Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar gyaran aji za mu yi, musamman ajin firamare. Malam Habu, a ce malami ya samu ɗan kuɗi daga hedimasta ko daga kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Ina zai fara sa shi?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Malama. Allo zai fara gyarawa. Da yawa kasuwa suke nufa su sayo hotuna, alhali allon ya koɗe, yaron da ke bencin baya ba ya ganin abin da aka rubuta. Allon siminti mai tsawon mita 3 da rabi, tsayin mita 1 da ɗoriya, lita ɗaya ta fentin allo za ta yi masa shafe biyu. A goge shi da samfefa, a share ƙurar da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe. A yi shafe na farko, ya kwana, sannan a yi na biyu.

Malama Rabi: Kuma kada a yi da fentin mai na ƙofa. Yana ƙyalli, hasken taga ya daki allon ya kashe wa yara ido, alli kuma ya riƙa zamewa.

Malam Habu: Sosai. Sai ɗabi'ar fasa tsohon batir a shafa baƙin garin cikinsa, sau da yawa ma yara ake sa wa aikin. Wannan a daina. Garin ba abin taɓawa da hannu ba ne, balle hannun da zai shiga baki lokacin tara. In babu kuɗin fenti, a daka gawayi ya yi laushi, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaro, kusan yadda ake haɗa tawada a makarantar allo. Ba ya daɗewa kamar fenti, sai ana sabuntawa, amma ba ya cutarwa.

Malama Rabi: To bango fa? Mu ɗauki aji mai mita 7 da mita 8, tsayinsa mita 3. Kewayensa mita 30, ka ga murabba'in mita 90 ke nan. A cire ƙofa da tagogi da allo, ya rage wajen 70. Bokitin fentin ruwa mai lita 20 yakan kai shafe biyu idan bangon an taɓa yi masa fenti. Sabon filasta kuwa yana shan fenti kamar ba gobe.

Malam Habu: Wanda bai da kuɗin bokiti ya yi farar ƙasa daga kafaɗa zuwa sama, inda rigar yara ba ta gogar ta. Ajin da ba lantarki, farin bango shi ne fitilarsa.

Malama Rabi: Yanzu abin da ya fi ba malamai ciwon kai: a liƙa takarda yau, jibi a tarar da ita a ƙasa.

Malam Habu: Laifin salatif ne da yanayinmu. Da hunturu ƙura ta riga ta kwanta a bango, gam ɗin ƙurar yake kamawa. Da bazara kuma zafin kwano yana narkar da shi. Wasu su koma kokon sitaci. Yana kamawa, amma abinci ne, kyankyasai da gara za su cinye shi har da takardar. Mafita ita ce igiya. Ƙusoshin kankare huɗu a bango mai mita 8, a ja igiyar shanya a ɗaure tam, a maƙala takardun da fegin shanya. Da dozin uku na fegi an gama da bango guda, kuma duk sati ana iya sauya abin da ke kai ba tare da an yaga komai ba.

Malama Rabi: A lura da bangon da aka zaɓa. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, feshin ruwa ta tagogin gabas yake shigowa. Idan tagogin ba su da murfi, kada a rataya takarda kusa da su da damina. Wadda za ta daɗe, kamar jadawalin sau, a sa ta a farar leda a naɗe bakin ta baya.

Malam Habu: Takardar ma ba sai an saya ba. Kwalin taliya da na sabulu masu shago kan bayar ko su sayar da arha. A buɗe shi, a yi rubutu a cikin da ba tambari. Tsohuwar kalanda bayanta fari ne tas. Buhun shinkafa in an wanke an juya shi, yana karɓar rubutun alƙalamin maka, kuma ba ya yagewa.

Malama Rabi: Bari in tsaya a kan rubutun, don nan aka fi kuskure. Ƙa'idar masu rubuta alluna ita ce duk nisan mita 3, harafi ya kai santimita 2 da rabi. Yaron da ke ƙarshen aji mai mita 8 yana buƙatar harafin da ya kai santimita 7, wato kamar tsawon ɗan yatsa manuni. A rubuta da baƙi ko shuɗi mai duhu. Rawaya ba ta fitowa daga nesa, ja kuma rana na saurin cinye shi.

Malam Habu: Kuma me za a rubuta? Hotunan haruffa na kasuwa na Turanci ne. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ts, ga p da q da v da x waɗanda Hausar boko ba ta amfani da su. Malami ya yanka kwali girman tafin hannu biyu, harafi ɗaya da zane ɗaya: ɓ da ɓera, ɗ da ɗaki, ƙ da ƙofa, ts da tsintsiya. Ya fito da lanƙwasar sosai, don yaro ya bambance ƙafa da kafa.

Malama Rabi: A rataye su daidai idon yaran. Ɗan aji ɗaya idonsa bai wuce mita ɗaya daga ƙasa da yawa ba, abin da aka kai kusa da silin malami kaɗai ke karanta shi.

Malam Habu: Sai dai kada a cika bango. A 2014 masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun koyar da yara 24 'yan nazare a ɗaki mai cike da ado da kuma ɗaki marar ado. A mai adon hankalinsu ya fi tafiya wani wuri, kuma sun fi faɗuwa tambayoyin da aka yi musu bayan darasi. Ni a ganina bangon da allo yake a bar shi wayam, sai kwanan wata. Abin da aka gama koyarwa a sauke shi a adana.

Malama Rabi: Bangon baya kuwa a bar wa aikin yara, kowane da sunansa a jiki, a riƙa juyawa har kowa ya samu shiga. A kusurwa a shimfiɗa tabarmar kaba ɗaya, kwali ɗaya na littattafai. Lissafi kuma, murafan kwalba 100, a huda su da ƙusa, a zura goma-goma a zare, a ɗaura a jikin firam na karan dawa.

Malam Habu: Murafan roba za a nema, na ƙarfe suna tsatsa suna yanka hannu. Malami ne zai yi hudar, ba yara ba. Sannan a ware kuɗin kwaɗo da sakata tun farko. Ajin da ƙofarsa ba ta rufuwa, awaki na shiga bayan an tashi, kuma kwali da takarda duk abincinsu ne.

Malama Rabi: Kafin hutun ƙarshen zango kuma a sauke komai daga igiya, a jera a buhu, a ɗora a kan tebur a ofishin hedimasta, nesa da ƙasa saboda gara. Mu kwana nan, Malam.

Malam Habu: Allah ya kai mu, Malama.