Kitsen da ke kai rahoto a jikin shuka

Auta: Assalamu alaikum, barkanmu da hunturu daga nan Jos. Tun shekaranjiya mutanenmu na WhatsApp ba su bar mu mun huta ba, kowa tambayarsa ɗaya: wai da gaske ne shuka na sanin cewa sanyi ko fari ya zo?

Hajiya: Ni dai dankalin ƙanena a Bokkos ya sani. Ruwa ya ɗauke kwana goma, ganyen ya yi laushi kamar an watsa masa ruwan zafi. Na je na gani da idona, tausayi ya kama ni.

Malam: Yauwa Hajiya, daga nan za mu kama. Kowace ƙwayar halitta a jikin ganyen nan tana lulluɓe da wani tantani siriri, kuma da kitse aka yi shi. Da can an ɗauka shinge ne kawai. Ashe mai gadi ne. Ƙishi ko gishiri ko sanyi na taɓa shi, sai wani inzayim, wato furotin mai gaggauta aikin sinadarai a jiki, da ake kira PLD ya zo ya gutsure kan kitsen, abin da ya rage shi ake ce wa PA. Wannan PA ɗin shi ne ɗan aike.

Auta: Ɗan aike zuwa ina, Malam?

Malam: Ka juya bayan ganye, akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan shuka ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwanta ke tsiyayewa. Idan ƙasa ta bushe, sinadarin ABA, mai ɗauke da saƙon ƙishi a jikin shuka, ya yawaita, sai PLD ya tashi aiki. PA ya je ya riƙe wani furotin mai suna ABI1, wanda aikinsa danne saƙon ABA. Da zarar an riƙe shi, ƙofofi su rufe, ruwa ya tsaya a jiki. Kuma abin da ke burge ni, kun san a jikin me aka fara gano PLD ɗin nan a 1947? Karas! Daga baya aka same shi jingim a ganyen kabeji.

Hajiya: Kai! Kayan kasuwar Farin Gada ke nan.

Malam: Su ɗin fa. Sai a 1994 aka zaƙulo ƙwayar gadon da ke haifar da shi, a jikin zurman. Aka duba, ashe ba ɗaya ba ce, dangi ne guda. Ɗan tsiron nan da masana ke gwaji da shi, Arabidopsis, yana da 12. Shinkafa tana da 17.

Hajiya: Tsaya Malam, ka ce kitse, ka ce sanyi. Irin yadda man ja ke kwana a kwalba ke nan?

Malam: Kin gama maganar. Sanyi na sa tantanin ya sandare, shukar kuma ta ji wannan sandarewar.

Auta: Ai man ja a garin nan, watan Disamba, ko ka kifa kwalbar ba ya motsi.

Hajiya: A gidanmu gindin murhu ake ajiye ta tun da asuba.

Auta: Mu kakarmu a rana take shanya ta, kusa da barkono.

Hajiya: Wace rana? Ranar da sai wajen sha ɗaya take fitowa daga hazo? Yara sun tafi makaranta da yunwa ke nan.

Auta: To man shanu fa? Shi ai sai da cokali ake ɓantara.

Hajiya: Man shanu daban ne, ko a Kano yana daskarewa. Man gyaɗa mai kyau shi ne ma'auni. Ranar da ka ga ya yi fari a kwalba, to a fito da bargo na biyu.

Auta: Akwai kuma man kaɗanya, wanda sai ka murza a tafin hannu…

Malam: Jama'a, ku dawo gona, don abin da ya fi damuna ban faɗa ba tukuna. Dangin PLD ɗin nan ƴan gida ɗaya ne, amma hali ya sha bamban. Akwai mai suna delta: aka cire shi daga Arabidopsis, ƙanƙara ta fi yi mata illa, aka ƙara shi, ta fi juriya. Akwai alfa ɗaya, wancan mai rufe ƙofofi: shi da aka danne shi, sai shukar ta fi jure ƙanƙara. Don me? Don gutsurar nan da yake yi, in ta wuce kima, tantanin yake cinyewa, ƙwayar ta fara yoyo. An gwada a ganyen taba, aka ƙara mata alfa ɗaya. Farkon fari ta rufe ƙofofinta da wuri, ta fi sauran riƙe ruwa. Da farin ya yi tsawo, ita ta fi jigata.

Hajiya: To mai dankali a Bokkos ko Mangu, me zai ƙulla da wannan?

Malam: Yau dai ba buhun da zai saya a kasuwa. Amma an karanta kundin gadon dankalin Turawa tun 2011, don haka mai fitar da iri zai iya dubawa ya ga wanne cikin dangin nan ke tashi idan zafi ko ƙishi ya zo, ya zaɓi irin da ke kai rahoto da wuri kuma ya san lokacin tsayawa. Muna da tashar binciken dankali a Kuru, nan kusa da Vom. Ni burina in ga yaranmu masu karanta kimiyyar tsirrai suna wannan aikin da irinmu, a ƙasarmu, da sanyinmu. Dankalin nan ba don komai yake yi a Filato ba sai don daren da ke da sanyi, in daren ya fara ɗumi…

Auta: Malam, ka yi haƙuri, an kira magariba, kuma mun yi alkawarin taɓa gishirin ƙasa a fadamun rani.

Malam: Shi ma akwai PLD a ciki, ga kuma wani dangin inzayim, DGK, da ke samar da PA ta wata hanya, in na fara…

Hajiya: A bar shi sai mako mai zuwa. Mai tambaya kan tumatir, mun ga saƙonki, ba mu manta ba. Sai an jima.