Sharhi: Idon Koma da Kifin Kasuwar Kado

Jama'a masu sauraro, duk mai shiga kasuwar kifi ta Kado a nan Abuja ya duba faifan 'yan banda da kyau. Karfasa da kurungu da ko tafin hannu ba su kai ba, an ƙyafe su an jera. Da yawa daga cikinsu 'ya'ya ne, ba su taɓa yin ƙwai ba.

Matsalar tana wurin idon koma. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana kama kifi da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, sai dai ga masu kamun warangi, wanda shi dama haka Allah ya yi shi ƙarami. Hikimar ita ce ƙaramin kifi ya sulale ya fita, ya girma ya hayayyafa. To amma a tafkunan Kainji da Jebba da Shiroro, akwai masu jan taru mai ƙananan idanu a bakin gaɓa, daidai inda 'ya'yan kifi ke fakewa. Wasu har gidan sauro suke sawa, wanda aka raba don maganin zazzaɓi! Karfasa kuwa a baki uwar take rainon ƙwanta, saboda haka wanda ya kama uwa guda a wannan hali ya kashe ɗaruruwa. Tarwaɗa da damina take haurawa fadama ta yi ƙwai, sai a tare mata hanya da shingen gura, wato tarkon kifi.

Dokar ta haramta kama kifi da guba irin su maganin ƙwari na Gamalin, ko da nakiya, ko da lantarki. Inda gizo ke saƙar shi ne sintiri, don jami'i marar kwale-kwale ba ya tsare tafki. A ganinmu, gara a jingina aikin ga sarakunan ruwa. Dubi Argungu, inda ake rufe kogin Matan Fada sai ranar bikin kamun kifi, kuma masunta suna bin umarni.

Uwargida, ke ma da naki. Ki bar karfasar da ba ta kai tafin hannunki ba komai arharta. Da damina, in kin ga tarwaɗar kogi da ciki fal ƙwai, ki koma ga ta kiwo, wadda ke kai kilo guda cikin wata biyar zuwa shida. Ki kuma tambayi mai faifan daga wane ruwa kifin ya fito, Yawuri ko Baga.