Ayabar dala miliyan 6 da 'yan majalisarmu ta Tudun Wada

Assalamu alaikum, mutanen Zazzau ina gaisuwa. Yau ga ni a Landan, cikin Tate Modern, gidan baje kolin zane da ke bakin kogin Tems. Bari in juya muku kyamara. Kun ga farin abin can? E, abin da kuke zato ne, mazubin fitsari na banɗakin maza. A 1917 wani Bafaranshe, Marcel Duchamp, ya sayo irinsa, ya kwantar da shi, ya sa masa hannu da sunan bogi, ya aika wa masu baje koli a New York a matsayin aikin fasaha. Suka ƙi nuna shi. Na asalin ma ya ɓace, wannan kwafi ne na 1964, amma ku dubi yadda aka kewaye shi tsit kamar gidan ta'aziyya.

Jiya da dare na kira 'yan majalisarmu ta Tudun Wada ta bidiyo, na same su a teburin mai shayi, na ba su labarin ayaba. A 2019 wani ɗan Italiya, Maurizio Cattelan, ya manna ayaba guda a bango da salatef a Miyami, aka saya dala 120,000. A 2024 aka yi gwanjonta, ta kai dala miliyan 6.2, mai sayen kuma ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida.

Kawu ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, maimaita." Na maimaita. Ya ce, "To gobe da asuba zan shiga Sabon Gari in ɗauko nonon ayaba guda, kai dai ka nemo mana bango." Mai shayi ya leƙo fuskarsa ya ce, "Yallaɓai, shi ɓawon nawa aka yi masa kuɗi?" Dariya har waya ta faɗi. Na ce musu takardar shaida ake saye, ayabar in ta ruɓe sai a canza wata. Kawu ya ce, "Ashe ma takardar fili ce babu filin."

Amma akwai wadda ba na iya yi wa dariya. Wata mai fasaha ce, Marina Abramović, a birnin Napoli na Italiya, 1974. Ta jera abubuwa 72 a kan tebur, har da fure da zuma da almakashi da bindiga da harsashi, ta tsaya awa 6 ba motsi, ta ce kowa ya yi mata abin da ya ga dama. Da farko fure aka miƙa mata. Can aka yayyanke mata tufafi, aka tsaga mata wuya har jini ya fito, wani ya ɗura bindigar ya auna ta. Da lokaci ya cika ta tako wajensu, sai suka watse, ba mai iya haɗa ido da ita. Mutane ne masu sutura irina da irinku.

Da na faɗi wannan majalisa ta yi shiru. Kawu ne ya ce, "Wannan ai 'yar tauri ce." Wallahi ya gama magana. Ina yaro na tsaya a ƙofar fada ranar hawan Sallah, ɗan tauri na goga wuƙa a cikinsa, ni ina leƙe ta tsakanin yatsuna, na kasa kallo na kuma kasa tafiya. Haka gardawa da kurarsu, haka 'yan tashe da ke kwaikwayon dattijo a ƙofar gidansa ya kuma ba su sadaka. Mun san wannan harka tun kafin a ba ta suna da Turanci. Kuma a garinmu Zariya ne, a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka bijire wa koyarwar zanen Turawa, har ake ce musu 'yan tawayen Zariya.

Ni dai wanda ya sa jikinsa a ciki ina girmama shi. Ta ayaba kuwa, Kawu, ka riƙe kuɗinka tukuna, farashin salatef nake bincika mana. Mu hau bene na gaba kafin caji ya ƙare.