Masu tabarau ma sun iya kiɗa: lacca kan mawaƙan da boko ya yi wa yawa

Assalamu alaikum. Ana jina a can baya? To madalla. Mai ɗaukar sautin nan, matso da wayar kusa kada gobe a ce ban faɗa ba.

Yau maganar mawaƙa za mu yi, amma ba irin waɗanda kuka saba gani a fosta ba, masu sarƙa a wuya da baƙin gilashi tsakar dare. Akwai wasu ƙungiyoyin mawaƙa a Amurka da Turai da in ka gansu a hanya za ka rantse malaman lissafi ne suka taso daga aji, ga tabarau mai kauri ga riga an cusa a wando, waƙoƙinsu kuma bambaraƙwai, yau kan kalkuleta gobe kan fitilar ɗaki. Ni dai sun fi burge ni kan 'yan gayun, kuma dalilai huɗu na zo da su. Huɗu. Ku riƙe lissafin.

Na farko, mutanen nan ba sa jin kunyar abin da suke so. Bari in fara da mutanena, They Might Be Giants. Mutum biyu ne, kuma dukansu sunansu John, John Linnell da John Flansburgh, tun suna yara suka san juna a garin Lincoln na jihar Massachusetts, sai a 1982 suka kafa ƙungiya a Brooklyn cikin New York. A lokacin ba su da makaɗin ganga, na'ura ce ke buga musu, ɗaya ya rungumi jita ɗayan kuma akodiyon, wannan abin da ake ja ana matsewa yana kuka, wanda a Amurkan lokacin kayan tsofaffi ne, saurayin da ke neman suna ba zai yarda a ganshi da shi ba. Shi ko a jikinsa.

To sai tsautsayi ya faɗa musu. Linnell ya faɗi a keke ya karye a wuyan hannu, shi kuma Flansburgh ɓarayi suka shiga gidansa suka kwashe kaya. Ba damar fita wasa kenan. Me za su yi? Ku da kuka tashi da waya a aljihu ba ku san wannan ba, a da wayar girke ce a gida, kuma akwai wani ɗan akwati da ake jona mata mai kaset a ciki, in an kira ba ka nan sai ya amsa da muryarka ya ce a bar saƙo. Su sai suka cire gaisuwar suka sa waƙa. Suka je jaridar Village Voice suka sayi ɗan gurbin talla a shafukan baya suka sa lambar, suka kira abin Dial-A-Song. Wajen 1983 ake maganar nan fa. Ka buga lamba, waƙa ta tashi a kunnenka, ta ƙare, ka ajiye. Mutum ɗaya kawai ke iya ji a lokaci guda, in wani ya riga ka sai dai ka ji layi a cike ka sake gwadawa. Har tsokana suke yi a tallar wai kyauta ne in ka kira daga wurin aiki (dariya), wato da kuɗin oga. Na ga wasu suna sunkuyar da kai, masu cajin waya a ofis, Allah ya shirye mu.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne akwatin nan yana da halinsa. In sauti ya yi tsawo, ka ja murya ɗaya ka riƙe, sai ya ɗauka ƙarar nan ce ta ƙarshen saƙo ya yanke. Wani da sai ya yi zuciya ya watsar. Su sai suka koma rubuta waƙoƙi gajeru masu saurin harshe, ba jan murya, ba dogon kiɗa kafin a shiga magana, domin wanda ya kira daga nesa kuɗinsa ke tafiya. Akwatin amsa waya ya zama malaminsu. Shekaru suka yi suna canza kaset ɗin nan, har bayan sun yi suna ba su daina ba.

Kuma sun yi sunan. A 1990 suka fitar da faifan Flood, ya sayu sama da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Babbar waƙar ciki, Birdhouse in Your Soul, ta kai lamba 6 a Ingila, kun san wa ke magana a cikinta? Fitila. 'Yar fitilar dare da ake maƙalawa a soket a ɗakin yara, mai siffar shuɗin tsuntsu, ita ce ke ba da labarin kanta daga farko har ƙarshe. Suna da wata sukutum kan James K. Polk, shugaban Amurka na 11, wanda Amurkawan ma da yawa sai sun yi tunani kafin su tuna shi.

Amma ga inda nake so in kai ku, malama ta gaba ki daina duba agogo, yanzu aka fara. A 1993 suka ɗauko wata tsohuwar waƙar koyar da yara ta 1959 mai suna Why Does the Sun Shine suka sake rerawa. Waƙar tana bayanin rana, cewa dunƙulen iskar gas ce mai tsananin zafi, tana nesa da mu mil miliyan 93, wato kusan kilomita miliyan 150, a cikinta haidurojin ke rikiɗewa ya zama hiliyom shi ke ba mu haske da zafi. Mutane suka so ta, duk wurin wasa sai an nemi su yi. To amma masana sun san da gyara a ciki. Rana ba gas ba ce irin wadda muka sani, zafin tsakiyarta ya kai digiri miliyan 15, a irin wannan zafi ƙwayar zarra ba ta zama cikakkiya, ilektiron ɗinta, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke kewaya tsakiyarta, sai sun ɓalle sun yi ta yawo, wannan yanayin shi ake kira filazma, yanayi na huɗu bayan daskararre da ruwa da gas.

Yanzu ku gaya min, mawaƙi nawa kuka sani da za a ce masa waƙarka da ta yi tashe akwai gyara a ciki ya saurara? Zai ce 'yan hassada ne, ya shiga situdiyo ya yi musu habaici. Su waɗannan da suka tashi yin faifan kimiyya na yara a 2009, Here Comes Science, sai suka sa tsohuwar waƙar, suka bi ta da sabuwa mai suna Why Does the Sun Really Shine, suna cewa a manta da waccan, rana filazma ce. Waƙa guda aka yi don a gyara waƙa. Shekara 16 tsakani! Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai na ji daɗi. Waƙa guda don a gyara waƙa. Ba wanda ya tilasta su, ba kotu ba hukuma, kawai ba za su iya barci ba yara na haddace abin da bai cika daidai ba. Kuma kada ku ɗauka a gefe suka ƙare, sun ci Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka, a 2002, suka sake ci a 2009 da faifan koyar da yara ƙirga.

Na biyu, hannunsu na ƙaiƙayi, sai sun ƙera. Brian May na ƙungiyar Queen shi da mahaifinsa suka haɗa jitarsa a gida farkon shekarun 1960 da katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki, kuma da tsabar sisin Ingila yake kaɗa ta. Ya ajiye karatun digirin digirgir kan ƙurar sararin samaniya da waƙa ta karɓe shi, sai 2007 ya koma Imperial College a Landan ya ƙarasa, bayan fiye da shekara 30. Ɗalibanmu da furojet ya gagara, kun ji dai. Dexter Holland na The Offspring ma dakta ne, 2017, a kan ƙwayar cutar HIV ya yi bincikensa. Sai Kraftwerk na Jamus, birnin Düsseldorf, 1970, Ralf Hütter da Florian Schneider, su kam tsayawa suke ƙiƙam a dandamali sanye da taye ba rawa ba tsalle, a 1974 suka yi waƙa ta fiye da minti 22 kan tuƙi a babbar hanya, a 1981 suka yi ta kalkuleta. Aka yi ta musu dariya wai mutum-mutumi ne. A 1982 mawaƙi Afrika Bambaataa na unguwar Bronx a New York ya ɗauki karin waƙarsu ya gina waƙarsa Planet Rock, yaran unguwa suka yi ta juyi a ƙasa da kiɗan Jamusawa masu taye, har yau masu kiɗan na'ura na cin albarkacinsu.

Na huɗu... na uku ko? To na uku. Wasan nasu ba wasa ba ne zalla. Ku duba 'yan ƙungiyar Devo na jihar Ohio, masu jar hula mai hawa-hawa kamar an kife bokitin roba a kai, da rawayar rigar ma'aikatan masana'anta. In ka gansu dariya za ka fara. Amma ɗaya daga cikinsu, Gerald Casale, ɗalibi ne a Jami'ar Kent State ranar 4 ga Mayu 1970, lokacin da dakarun jiha suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zangar yaƙin Biyetnam wuta suka kashe huɗu, yana wurin, kuma ya san biyu daga cikinsu. Daga nan tunanin ƙungiyar ya yi ƙarfi, cewa ɗan Adam ba gaba yake ci ba, baya yake komawa, shi ya sa suke shiga iri ɗaya suna motsi irin na inji, suna kwaikwayon yadda aka mayar da mutane. Hular ban dariya ce, abin da ke ƙarƙashinta ba na dariya ba ne.

Na'am, ɗan uwa mai hula a can, akwai tambaya? A miƙa masa makirfo.

(Tambayar ba ta fito sosai a rikodin ba.)

Yana cewa wai duk Turawa na lissafo, mu ba mu da irinsu ne? Kai, Allah ya yi maka albarka, ka ceci laccar. Da farko dai zuba ilimi a waƙa ba baƙonmu ba ne, duk wanda ya zauna a zaure ya san Alfiyyar Ibn Malik, nahawun Larabci ne a baiti dubu ake rerawa ana haddacewa. Shata ma ai ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Amma in kana neman wanda ya yi daidai da mutanen da nake magana, mutum shi kaɗai da na'urarsa yana ta latse-latse, to ka tafi Yamai ka tambayi Mamman Sani. Ma'aikaci ne ɗan boko, ya yi aiki da UNESCO, a nan ya sayi wani ogan na lantarki ƙirar Italiya, Orla, a hannun wani abokin aiki. Ya zauna yana ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na Nijar yana bugawa a kai, a hankali, ba hayaniya. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa, kwafi kaɗan aka buga. Kiɗan nasa kuwa ya zama wanda ake sakawa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar, mutane suka tashi da shi a kunne shekara da shekaru, da yawa ba su ma san mai shi ba. Akwai 'yan Nijar a nan? Hajiya kin gane kiɗan ko? Kin gani. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifai, ya fara zuwa Turai yana wasa, matasa suna biyan kuɗi su kalli dattijo zaune gaban ogan. A Inugu kuma ga William Onyeabor, ya tara na'urorin kiɗa a situdiyonsa ya yi faifai tsakanin 1977 da 1985, ya bar waƙa ya koma kasuwanci da coci, da aka sake fitar da waƙoƙinsa a 2013 duniya ta ɗauka, 'yan jarida suka yi ta binsa yana ƙin magana.

Na huɗun? An ɗago min takarda cewa lokaci ya ƙare kuma ga kiran sallah. Na 'yan ƙungiyar OK Go ne da injinan gudu takwas da suka yi rawa a kai a 2006, ɗauka ɗaya ba yanka, ku nema a YouTube ku gani da idonku. Wanda ke son kiɗan Mamman Sani ya same ni a waje bayan sallah, yana cikin wayata, amma ya zo da nasa data.