Idan Na'ura Ta Ce "Kaya Za Su Iso Ranar Talata"

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A yau akwai manhajojin da ake sakar wa ragama su yi aiki a madadin mutum: su nemo farashi, su yi ciniki, su kama wa kaya gurbi a jirgin ruwa, har su biya kuɗi. Masana na kiran su wakilai. Wakili kuwa ba ya aiki shi kaɗai, dole ya yi magana da wakilin wani kamfani wanda wasu mutane dabam suka ƙera. To idan ɗaya ya aika wa ɗaya cewa "kaya za su iso ranar Talata", me ya faɗa ke nan? Labari ya bayar, hasashe ya yi, ko alkawari ya ɗauka? Mutum kan gane daga murya da yanayin mai magana. Ita na'ura sai an rubuta mata ma'anar kowane irin saƙo da harshen lissafi da mantiƙi, yadda ba za a bar ƙofar tawili ba.

Tushen wannan tunani yana wajen masana falsafa. John Austin na Jami'ar Oxford a Ingila, a littafinsa da ya fito a 1962, ya nuna cewa magana ita kanta aiki ce: wanda ya ce "na yi alkawari" ya riga ya ɗaura wa kansa kaya. John Searle ya faɗaɗa batun a 1969. A farkon shekarun 1990, wani shiri da hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinsa ya samar da KQML, harshen da wakilai za su riƙa magana da juna da shi, inda kowane saƙo ke ɗauke da tambarin irinsa, ko sanarwa, ko tambaya, ko buƙata. Sai dai an bayyana ma'anonin da Turancin yau da kullum, kowane mai ƙira ya fahimce su yadda ya ga dama. A 1995 Philip Cohen da Hector Levesque suka soki harshen, suka nuna cewa ko hanyar ɗaukar alkawari babu a cikinsa.

Ƙungiyar FIPA mai tsara ƙa'idojin sadarwar wakilai, wadda aka kafa a Geneva ta ƙasar Suwizalan a 1996, ta zo da gyara. Ta tsara nau'o'in saƙo 22, kowanne da sharaɗin da sai ya cika kafin a aika shi, da kuma sakamakon da ake nema. Mu ɗauki sanarwa. Kafin wakili ya sanar da wani abu, dole shi kansa ya yi imani da gaskiyarsa, kuma ya zama bai ɗauka cewa mai karɓa ya riga ya sani ba. Burin shi ne mai karɓa ma ya yi imani da shi. A takarda, tsari ne mai tsafta ƙwarai, kuma na yaba wa waɗanda suka zauna suka tsara shi.

Amma ku lura da inda aka ajiye ma'anar. An ajiye ta ne a zuciyar mai magana. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to manhaja ba ta da fuskar da za a tambaya. Kamfanin da ya ƙera ta ba zai buɗe maka cikinta ba, ko da ya buɗe ma, ba lallai ka tarar da wani wuri da aka rubuta "abin da na yi imani da shi" ba. Ta yaya za ka tabbatar ta bi ƙa'ida? Idan ta faɗi abin da ta san ƙarya ne, wa zai kama ta? Munindar Singh na Jami'ar Jihar North Carolina ya ɗaga wannan ƙorafi a 1998, Michael Wooldridge ma ya yi rubutu a kan wahalar tantancewar.

Mafitar da Singh ya kawo ita ce hankalina ya fi kwantawa da ita. A fito da ma'ana fili, a ɗora ta a kan alkawari. Kowane alkawari na da abu huɗu: wanda ya ɗauka, wanda aka ɗaukar wa, sharaɗi, da abin da za a cika. Wakilin kamfanin sufuri ya ɗaukar wa wakilin mai kaya cewa idan an biya, kaya za su iso Talata. Aka biya, nauyi ya hau kansa. Talata ta wuce babu kaya, ya saɓa, kuma duk wanda ya duba kundin saƙonnin zai gani, ba sai ya leƙa zuciyar kowa ba. Har soke alkawari ko miƙa shi ga wani, duk da ƙa'idarsu.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne abin da ke faruwa yanzu. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP don haɗa manhajojin ƙirƙirarriyar basira da kayan aiki, a watan Afrilun 2025 kuma Google ya fitar da A2A don wakilai su yi magana da juna. Sun kyauta wajen fayyace siffar saƙo da matsayin aiki, an miƙa shi, ana kan yi, an kammala, ko ya ci tura. Amma abin da ke cikin saƙon sau da yawa zance ne irin namu, aka bar wa manhaja ta fassara da kanta. Wannan yana damu na matuƙa, domin waɗannan wakilai kuɗin mutane da sirrinsu ake damƙa musu. Ranar Laraba, mai kaya zai buɗe kundi yana neman layin da ya nuna wanda ya ɗauki nauyi, sai ya tarar da jimla guda da wakilinsa ya karanta a matsayin alkawari, wancan kuwa ya rubuta ta a matsayin hasashe.