Mai Girma Ɗan Majalisa, Jaje Ba Rahoto Ba Ne

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan 'yan majalisun dokokin jihohi ne, da irin labarin da suke aiko wa mutanen da suka zaɓe su.

Duk wanda ke bibiyar shafin ɗan majalisarsa a Facebook, ko zauren WhatsApp da hadimansa ke kula da shi, ya san karatun. Mai girma ya je jajen gobara. Mai girma ya yi Allah wadai da harin da aka kai daren jiya. Mai girma ya raba kayan tallafi ga waɗanda ambaliya ta cinye wa gidaje, ga hotuna nan har goma sha. To madalla, jaje ɗabi'a ce mai kyau, ba wanda ya ce a daina. Amma ku lura da lokacin da saƙonnin suke zuwa. Dukkansu sai bayan an yi ɓarna. Ihu bayan hari ke nan, kuma an mayar da shi shi ne aikin.

Abin da ke ɓata min rai shi ne, a cikin masu yin doka na jiha da na tarayya babu wanda ya kai ɗan majalisar jiha kusanci da talaka. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar take da su a Majalisar Wakilai, kada su gaza 24, kada su wuce 40. Ma'ana mazaɓarsa ƙarama ce. Ya san masu unguwanni da sunayensu, ya san gadar da ta tsage, ya san kwarin da ruwa ke bi duk damina. Sannan yana zaune a zauren da takardun gwamnati ke ratsawa. Mutumin da yake da kunne a ƙauye da kujera a majalisa, shi ya fi kowa cancantar ya yi wa jama'a gargaɗi tun kafin abu ya faru. Kafin, jama'a, ba bayan ba.

Mu ɗauki ambaliya. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi tun damina ba ta kankama ba, hukumar NIHSA mai sa ido kan koguna da ambaliya kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ruwa zai iya yi wa ɓarna. Ba sirri ba ne, a bainar jama'a ake ƙaddamar da shi. Sai dai cikakken rahoton da Turanci yake, cikin shafuka masu yawa, kuma manomin da gonarsa ke bakin kogi ba zai taɓa ganinsa ba. Wa ya kamata ya tsamo sunan ƙaramar hukumarsa daga ciki, ya faɗa wa mutane da harshen da suke ji, ya ce ga unguwannin da ke cikin haɗari, ga makarantar da za a fake idan ruwa ya taso? Mun ga abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mun ga Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, inda aka rasa rayuka fiye da 150. Ban ce saƙon waya zai tare ruwa ba. Amma iyalin da suka san inda za su nufa da tsakar dare ba ɗaya suke da waɗanda ruwa ya tasa daga barci ba su san gabas ba su san yamma ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin kullum ita ake bayarwa: ai tsaro na gwamnatin tarayya ne, ɗan majalisar jiha ba shi da ɗan sanda ko ɗaya. Haka ne, sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan. Sai me? Hukumar kashe gobara ta jiha fa, ta wace ce? Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha fa? Asibitin da za a kai wanda aka harba fa? Kuɗinsu duka a kasafin da gwamna ke kawowa majalisa yake, kuma sai 'yan majalisa sun amince a taɓa shi. Rundunar Amotekun da aka kafa a jihohin kudu maso yamma a 2020, majalisun jihohi ne suka yi mata doka. Jihar Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun sa-kai a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024, kuma daga baitulmalin jiha ake biyansu. Kada wani ya zo ya ce mana hannunsa a ɗaure yake.

Ga kuma sashe na 128 da na 129, waɗanda suka ba majalisa ikon binciken yadda ake kashe kuɗin da ta ware, da ikon kiran jami'i ya zo ya yi bayani. To mai girma, nawa aka ware wa kashe gobara a bana? Nawa aka saki? Motar kashe gobarar da ke kula da mazaɓarka tana tashi kuwa, ko a kan duwatsu take? Da aka kawo maganar a zaure, me ka ce, wane ɓangare ka bi? Wannan shi ne rahoto. Shi muke jira, kuma shi ne ba ya zuwa.

Wasu kuma sukan ce bayanin tsaro ba a yaɗa shi, kada a tayar wa jama'a hankali. A nan akwai 'yar gaskiya, domin ba mai hankalin da zai nemi a sanar da hanyar da sojoji za su bi. Amma faɗa wa matafiya cewa hukuma ta ce a guji wata hanya bayan magariba, wane sirri aka tona? Kuma hankalin da ake tsoron tayarwa ai a tashe yake. Duk inda wakili ya yi shiru, saƙon murya na wanda ba a san ko wane ne ba shi ke cike gurbin, da tsohon bidiyon wata ƙasa a ce jiya aka ɗauka a garinku. Mutane su kwana a daji saboda ƙarya, ran da gaskiya ta zo kuma su ƙi motsi.

Ko lambar kiran gaggawa ta 112, wadda kyauta ce, 'yan majalisa nawa ne suka taɓa sanar da ita a shafinsu? In kuma an kira ba ta shiga a yankinsu, wannan ma magana ce ta zauren majalisa, a kira masu alhakin a tambaye su.

Sashe na 104 ya wajabta wa majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Wanda ya yi wannan zama ba zai rasa abin faɗa wa mutanensa sau ɗaya a wata ba, ko da na minti biyar ne a gidan rediyo. Saboda haka masu sauraro, idan ɗan majalisarku ya zo gari, ku karɓe shi hannu bibbiyu, ku amsa gaisuwarsa, sannan ku tambaye shi ko sunan ƙaramar hukumarku yana cikin jerin NIHSA na bana, kuma in yana ciki, me ya sa ba daga bakinsa kuka fara ji ba.